Na Goma

Ƙarfe bakwai saura kwata, a bakin wani tafki a arewacin Ontariyo,
Mendi yana dukan garwa da ludayi.
Mu goma sha biyu a ɗakin katako, safa ashirin da uku,
har yau ba a san inda ɗayar ta shige ba.
Tururi na tashi daga ruwa kamar an buɗe tukunya.

Da safe babu wahala.
Kowa na rumfar addu'a, ido rabi a rufe,
muna naɗa igiyar fata a hannu zagaye bakwai,
sauro na bin tsakanin zagayen yana cin rabonsa.
Sai ɗakin abinci: faranti shuɗi na madara, ja na nama,
ranar da Hilel ya haɗa su
Madam Perla ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa.

Hantsi na karatu ne, biyu-biyu a ƙarƙashin bishiyoyi.
Ni an haɗa ni da Zalman,
mai murya kamar injin niƙa.
Idan mutum ya tsinci abu a hanya, nasa ne?
Na ce sai ya yi cigiya.
Ya ce in mai abin ya riga ya fid da rai fa?
Na ce wa ya shiga zuciyarsa ya gani?
Ya buga benci, na buga benci,
Malam Feldman ya wuce yana murmushi,
shi a wurinsa hayaniya ita ce alamar ana karatu.

Bayan azahar, ƙwallo.
'Yar hular kaina ba ta son gudu,
na maƙale ta da ƙarfen gashin ƙanwata, duk da haka sai ta faɗi.
Zalman na tsaron gida a ɗaya ɓangaren.
Ranar Laraba na take masa ƙafa.
Da gangan ne. Ya sani, na sani.

Wahalar tana yamma.
Babana ya rasu a watan Fabrairu,
kuma addu'ar da ɗa ke yi wa mamaci
ba ta yiwuwa sai mutum goma sun tsaya.
Addu'ar la'asar ba dole ba ce a nan,
ga tafki a buɗe, ga kwale-kwale, ga askirim.
A wurinmu ba a ƙirga mutane da lamba,
sai ka ce ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba,
ina tsaye a ƙofar rumfa ina motsa leɓe.

Ranar Larabar nan na kai ba tara ba, na tsaya.
Rana ta sauko kan bishiyoyin tsallake.
Malam Feldman ya duba agogo, ya yi kamar bai duba ba.
Hilel ya fita ya yi kira, ruwa ya dawo masa da muryarsa.

Sai ga ɗingishi a kan tsakuwa.
Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu,
ƙanƙara ɗaure a idon sawu da tawul ɗin kicin.
Bai dube ni ba.
Ya jingina da ginshiƙi ya ce, ku fara mana, ƙafata na zafi.

Na karanta. Harshena ya sarƙe inda ya saba sarƙewa.
Da aka zo wurin amsawa,
injin niƙan nan ya rufe sauran takwas.

Ranar Juma'a da yamma muka sa fararen riguna,
'yan mata suka kunna kyandir, aka yage burodi mai kitso,
aka yi waƙa har tebur ya girgiza.
Na tura masa gishiri. Ya karɓa.
Ya ce, maganar tsintuwar nan,
har yanzu ba ka da gaskiya.