Teku Na Hannun Dama

Baba ya ninke taswirar, ya zauna a kanta.
"Dulce, teku na hannun dama. Ta ina za mu ɓata?"
Sau biyu muka ɓata kafin Nazaré.

A Óbidos ya ƙi hawa ganuwa,
wai gwiwa ba ruwanta da tarihi.
Ya dai shafa dutsen
kamar mai gaida tsohon maƙwabci.

Peniche, da yamma:
kifi kan garwashi, gishiri a gashin bakinsa.
Ya nuna tsohon kurkukun bakin ruwa da haɓa.
"Yayana Firmino. Shekara huɗu."
Bai ƙara ba, ban tambaya ba.

A hanyar komawa barci ya sace shi,
takalmansa cike da yashi.
Na rage gudu.
Teku ya koma hagu.