Mai Buga Ƙarfe

Ni nake buga ƙarfen majami'armu a Pitoware,
tsohon garen tirela da aka rataye a reshen dogon-yaro.
Shekara goma sha tara ke nan.
Rabin Marwa na jin muryarsa ran Lahadi,
shi kuwa bai taɓa shiga ciki ba.

Daga bakin ƙofa nake ganin kowa, tun daga takalmi.
Dattijo Wangmene ne farkon isowa,
Littafi a hammata, bangon fata, ya sha hannu har ya yi ƙyalli.
In ya miƙe addu'a sai ya kai mu Urushalima ya komo,
jarirai su yi barci su farka bai ce amin ba.
Amma na san tasarsa ta kasuwar hatsi:
an bubbugo gindinta ciki da guduma.
Da kaka yakan kwashe muskwari ya danna kwaɗo,
ya jira watan da rumbuna ke amsa kuwwa.
Gwauruwa ta kwance bakin zane, ta ƙirga sefarta sau biyu,
ya ce, "Ubangiji zai tanada, 'yar'uwa,"
yana share kan tasa da gefen hannu.

Can benci na ƙarshe, inda kwano ke yoyo,
Maiwore take zama.
Shekara uku tana ƙarƙashin horo saboda tukunyar bilbil,
farantin jibi ya zo ya wuce ta kamar ba mutum.
Ba ta iya karatu ba. In an ɗauko waƙa, baya take biyowa.
Daminar da amai da gudawa suka shigo unguwa,
da mayo ya cika ya raba mu da asibiti,
wani yaro mai gadi, ɗan Bongor, ya faɗi a bayan katangarmu.
Muka tsaya nesa, hankici a hanci,
muna tambayar juna ko namu ne.
Ita ba ta tambaya ba.
Ta ɗaura zane, ta ɗebo ruwa bokiti shida,
ta wanke shi, ta ɗura masa gishiri da sukari a cokali
har gari ya waye.
Ya rayu. Bai san sunanta ba.
Ran Lahadi ta koma bencinta.

To, kada ku ce na sami inuwa ina awon mutane.
Ni ma da tasata.

Ƙanena Zuwa ya matsar da dutsen iyaka
a gonar mahaifinmu, can Lara,
taku huɗu, ko biyar, har na manta.
Shekara bakwai ban ce masa ina kwana ba.
Kowane mako ina roƙon a yafe mini kamar yadda nake yafewa,
harshena ya ratsa wurin kamar amalanke a kan gada,
bai ko leƙa ƙasa ba.
Makon jiya aka bugo, aka ce ƙafafunsa sun kumbura,
ba ya iya kai kansa bayan gida.
Na ce Allah ya sawwaƙe,
na mayar da waya aljihu,
na ɗauki guduma na buga ƙarfe sau ashirin da ɗaya.
Ya yi ƙara sosai ranar.
Na tsaya ina kallonsa yana lilo,
fanko, tsatsa ta ci gefensa,
ya tara jama'a, ya rage a waje.

Yau Lahadi.
Na ba ɗan fasto gudumar, na nuna masa inda ake duka.
Ga ni a tasha, ina jiran motar Kayele ta cika,
da sabulu biyu da sukari a leda.
Ban yafe ba tukuna, kada in yi wa Allah ƙarya.
Ban san abin da zan ce a ƙofarsa ba.
Kuɗin mota dai na biya,
kuma daga nan ina jiyo ƙarfen,
yaron yana buga shi a karkace.