Mangwaro Mai Aure

Ƙarfe ɗaya na dare a Ƙofar Ƙaura,
an ɗauke wuta, batir saura kwata,
daga ni sai kwamfuta da sauro uku,
da jan rubutu yana harara ta:
ba a samu ba, an kasa gini.

Manhajar kantin Alhaji Rabe ce,
mai ƙirga kwanan magunguna,
wane sirof zai mutu a Rajab,
wace allura za ta kai Disamba.
Kalanda biyu, na kasa sasanta su,
sai na ari aikin wani.

Ban san shi ba, laƙabi kawai,
da hoton kyanwa a gurbin fuska.
Layi ɗaya na sa a fayil ɗin ginin:
je ka gidan wane, ɗauko na yau,
duk abin da ka tarar, kawo mani.

Wata bakwai ana zaman lafiya.
Shekaranjiya mai kyanwa ya yi shara,
ya sauya ƙofa, ya sauya suna.
Ɗakinsa ne, wa zai hana shi?
Can bango ya tsage bai lura ba,
ƙadangare ya zo Katsina wuni.

Zanen aro ba ya rufe katara, in ji Inna.
Na ji, Inna. To amma
wa ya saƙa nasa tun daga auduga?
Ko zaren da ya ɗinka rigata
ya sha tafiya kafin ya iso gare ni.

Sai Kawu Sada ya faɗo mani a rai,
shi da 'yar wuƙarsa a lambun Ajiwa.
Ba ya aiken yaro kowace safiya
ya tsinko ɗa a itacen maƙwabci.
Da kansa yake zuwa, ya yi sallama,
ya ɗanɗana, ya zaɓi reshe guda
mai kaurin ɗan yatsa,
ya yanko, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma,
ya tsaga namu mai zare, ya cusa,
ya ɗaure da leda tamau,
ya ce sai mako uku mu gani.

Har ya koma ga Allah, in baƙo ya yaba zaƙin,
cewa yake: reshen Ɗan'iya ne na Batagarawa,
nawa saiwa ce da ban-ruwan rani.

Na goge layin.
Na bi sawun mai kyanwa da baya-baya
har siga ta uku da ɗigo biyu,
ita ce wadda na sani.

Na kwafo ta ɗungurungum,
na ware mata ɗaki, na sa masa suna Baƙi,
na rubuta lambarta don kada ta rikiɗe,
na bar sunansa da lasisinsa a goshi.
Na ce wa fayil: nan za ka nema,
an daina yawon dare.
In tsutsa ta kama reshen gobe
ba mai kyanwa za a taso ba,
ni ne mai feshin magani.

Batir saura bakwai. Na danna.
Layuka na hawa kamar jerin cinnaka.
Da takwas Alhaji Rabe zai ɗaga ƙyaure,
ya leƙa, ya ce Rajab saura kwana tara,
yaro, sauko da sirof ɗin can na sama.
Ba zai san mai kyanwa ba, balle Kawu.
Ladan ya yi gyaran murya.
Kore ya fito. An gama gini.