Tufkar Modi

A bayan Tsohuwar Kasuwa, layin masu gyaran rediyo,
akwai shago ɗaya da ba ya kiɗa.
Kowa ya ƙure lasifika yana kiran ciniki.
Modi kuwa shiru yake sayarwa,
kamu ɗaya, kamu biyu, gwargwadon aljihunka.

Shekara uku ina riƙe masa bakin waya.
Kafin in taɓa tagulla sai na wanke hannu,
don gumin bazarar Sakkwato
ko ƙarfe ya taɓa sai ya bar masa kore.
Sili takwas, sirara kamar gashin wutsiyar saniya,
huɗu su bi dama, huɗu su bi hagu,
ya tufke su yana ƙirga da leɓe.
Ƙarar da ta shiga ɗaya, in ji shi,
'yar'uwarta za ta tare ta a hanya.

"Yaro, sauti baƙo na.
In hanya da ƙaya, da rauni shi ka isowa."

Sai auduga, ba roba ba.
Sai rigar saƙa ta ƙarfe
da zai ɗaure a baki ɗaya kawai,
ta sha gunjin janareta
da tsegumin wayoyin hannu.
Ɗigon dalma mai ɗan azurfa,
in ya yi ƙyalli ya wuce,
in ya yi duhu, yanke, sake,
ko da magariba ta kawo jiki.
Daga ƙarshe jar fatar akuya daga majema,
ya ɗinke ta kamar mai yi wa takobi kube.

Barmo mai batir, maƙwabcinmu, ya sha yin dariya:
"Waya waya ta! Kuɗin tunkiya a kan igiya?"
Ni ma, in faɗi gaskiya,
na auna da mita a ɓoye,
allura ba ta ce mini komai ba.

Ranar wata Laraba Hajiya Tumba ta zo daga Gidan Dare
da kaset ɗaya a ƙulle cikin gefen mayafi.
Mahaifinta ne ke kaɗa gurmi,
shekara arba'in da wani abu,
a zauren da yanzu ya zama kanti.
Ta ce duk inda ta kai shi,
ruwan sama take ji, tsohon yana can ƙarƙashi.

Modi bai yi alkawari ba.
Ya goge kan rikoda da auduga,
ya cire tsohuwar waya mai baki kore,
ya sa tamu, wadda na ƙona yatsa a kanta jiya.
Ya ce Barmo ya kashe inji.

Gurmi ya taso.
Ruwan bai ɗauke duka ba, amma ya koma yayyafi.
Muka ji farce yana goga tsirkiya,
muka ji tsoho ya ja numfashi kafin baiti,
can baya kuma, nesa,
turmi, sau uku,
da wata mace ta kira suna: Tumba!

Hajiya ta dafa benci.
"Mayar," ta ce. Aka mayar.
"Mayar."

Har yau ban san rabon kowa a ciki ba:
na tagulla, na audugar da ta goge kai,
na injin da aka kashe,
ko na kunnen da ya shekara arba'in yana jira.
Na tambayi Modi da dare muna rufe shago.
Ya ce, "Kai mi kaj ji?"
Na ce turmi.
Ya ce, "To, ɗauko sili takwas."

Barmo bai daina dariya ba,
sai dai ya rage mata ƙarfi.
Ran Asabar na gan shi a bakin ƙofa
da wani kaset a aljihun gaba,
yana tambayar rabin kamu nawa ne.