Akuyar da Nake Ja a Sheffield

Ranar Talata, ƙarfe huɗu, duhu ya riga ni isa.
Na sauka daga jirgin cikin gari a gindin tudu,
lemata ta karye tun makon jiya.
Hawa na biyu, kujeru biyu, tukunyar fure ɗaya.
Maureen ta turo mini kwalin hankici, ban taɓa ba.

Na ce mata: Ki cire mini ita,
muryar nan da ke tashina kafin agogo,
mai cewa, Sallau, ka gaza,
sau biyu ka zauna jarrabawar haɗa magunguna, sau biyu ta kada ka,
kai da ake layi a ƙofar shagonka a Gusau,
yau kwalin sabulu kake jerawa har asuba.

Ta ce: Me ka gwada?
Na ƙirga mata da yatsu.
Na gwada aiki har ƙafa ta kumbura,
na gwada kashe waya, kada na gida su ji muryata su gane,
na gwada barci, na gwada rashinsa.
Ta ce: To, ta tafi?
Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ba ta yi mini alkawarin komai ba, abin ya ba ni haushi.
Kalma uku ta ce in ƙara a gaba:
ba "na gaza" ba,
"ga tunanin cewa na gaza."
Na ce a raina, wata huɗu ina jiran layi
don a ba ni wasan yara?

A hanyar gida, ruwa na dukan gilashi,
sai ga akuyar kakata a idona,
ja ce, mai farin goshi,
wadda aka ce in kai kasuwa ina ɗan shekara tara.
Ina ja, tana turjewa,
igiya ta saɓule mini fatar hannu,
rana ta take ba mu wuce bakin rijiya ba.
Wani tsoho mai faskare ya ce: Yaro, sassauta.
Kada ka sake ta, kada ka yi kokawa da ita,
kai dai ka san inda ka nufa.
Na sassauta.
Ta biyo ni tana kuka,
kuka har kasuwa.

Da na ba Maureen labarin, ta ajiye biro.
Ta ce: To, ina kasuwarka?
Na daɗe ina kallon furen nan.
Rumasa'u, na ce. 'Yata.
Wata uku tana roƙo in zo in ga ta koyi iyo,
ni kuwa ina jiran ranar da zan warke tukuna.

Asabar muka tafi, mu uku, har da akuyar.
Warin maganin ruwa, ihun yara, benci mai sanyi.
Ta fara: Dubi iyayen wasu, da makullan mota a hannu.
Na ce: Na ji ki. Zauna nan.
Ƙirjina bai daina bugawa ba,
tafin hannuna bai bushe ba,
amma ina wurin
lokacin da yarinyar ta shaƙi ruwa, ta yi tari,
ta kai bango, ta ɗago kai tana nema,
ta same ni.

Dā na ɗauka haƙuri cije haƙori ne.
Ashe akwai wanda ake yi da buɗaɗɗen hannu.

Daren Lahadi na kira Inna, ban gyara murya ba.
Ta yi shiru, ta ce: Ka ci abinci kuwa?
Littafin jarrabawa na kan tebur, shafi na arba'in da ɗaya,
ban san ko zan ci ba a karo na uku.
Ƙarfe tara zan fita aiki.
Tana bakin ƙofa tana kukanta,
ni kuma ina ɗaure takalmi.