Ragowar Magani

Ni na sha shi, na warke.
Maganar da ke hana ni barci ke nan.

Ƙwaya ashirin aka ba ni a kemis ɗin Ƙofar Marusa
lokacin da tari ya sa ni a gaba.
Na sha takwas, tarin ya kama gabansa.
Sauran na jefa a gwangwanin madara, cikin zare da maɓallai.

Ran nan Sada ya leƙo gaishe ni,
ƙanena, mai wankin hula a Rafindadi,
yana tari, hannunsa fari fat da sitaci.
Na ce, tsaya, kada ka ɓata kuɗinka.
Ya karɓa da hannu biyu. Har da godiya.

Kwana tara shiru.
A na goma zazzaɓi ya kwantar da shi,
fuska ta kumbura, ido ya yi jajir,
ƙuraje suka fito masa kamar an watsa gero a tabarma.
Gwaggo Barira ta ce ƙyanda ce ta manya.
Maƙwabci ya ce a dai bincika, kasuwa ba ta rasa mahassada.
Aka kawo rubutu, ruwan ya kasa wuce maƙogwaro.

Da na zo cire masa riga,
rigar ta taho da fatar bayansa.

A babban asibiti an shimfiɗe shi kamar wanda gobara ta ci,
alhali ko ashana ba a ƙyasta ba.
Leɓɓansa sun yi baƙi, sun manne.
Farin idonsa ya koma launin gwaiduwa,
fitsari kamar shayin da ba madara.
Likita, wata 'yar siririya mai tabarau,
ta ce wutar ba a fata kaɗai take ba,
ta shiga hanta, tana ƙwanƙwasa ƙofar ƙoda.
Sai ta juyo: wane magani ya sha?

Dangi suka dubi juna.
Ni na dubi ƙasa.
Sannan na kwance haɓar zanena,
na miƙa mata fankon, tun daga gida nake ɗauke da shi
kamar garwashi.

Ba ta yi mini faɗa ba, ai da ta yi da na ji sanyi.
Cewa ta yi, jini ba ɗaya ba ne ko da nono ɗaya aka sha.
Dubu su sha lafiya lau,
ɗaya ya sha, jikinsa ya ɗauki baƙo ɓarawo,
ya cinna wa gidansa wuta don ya kore shi.

Kwana talatin da shida muka yi.
Na koyi ɗiga masa kunu da sirinji ta gefen baki.
Huluna suka bushe a kan gumaka har suka dusashe,
masu su suka zo suka kwashe, wasu suka bar kuɗi.

Ya tashi. Fatarsa dabbare-dabbare kamar ƙwan zabuwa,
farcensa uku ba su dawo ba.
Idonsa ya ƙafe, ba ya hawaye,
sai dai a ɗiga masa na kwalba, safe da yamma.
Sunan maganin na nan a 'yar takarda,
ya soke ta cikin naɗin hularsa.

Jiya ya leƙo gaishe ni.
Na yi tari, ya ce, Yaya, tashi mu je asibiti.
Ya yi dariya. Ni na yi mana kukan.