Haƙƙin Inuwa

Hoton farko da na aika Gumel
ya dawo mini da magana.
Inna ta ce: na ga farar hula,
na ga haƙora, na ga kwandon tumatir,
to ina Talle?
Wannan ai gawayi ne aka sa wa riga.

Ba ƙarya ta yi ba.
Ranar Ikko ba ta san matsakaici ba:
inda ta taɓa, fari fat,
inda ta tsallake, rijiya.
Shi kuwa ƙanena a ƙarƙashin rumfa yake wuni,
can bayan kasuwar Ketu,
inda motocin arewa ke juye kaya tun kafin assalatu.

Na kai fim ɗin wurin Baba Alani,
wanda ya shekara arba'in yana wanke fuskokin mutane
a wani lungun Agege, daf da layin dogo.
Ya ɗaga shi sama, ya ƙanƙance ido.
Ya ce: rana ka tambaya, ba ka tambayi inuwa ba.
Abin da haske bai rubuta ba
ruwan magani ba ya karanta shi.
Kwali ya ce ɗari huɗu?
Ce wa kyamara ɗari biyu ne.
Yi mata ƙarya ta buɗe ido da kyau,
bari fim ya sha ya ƙoshi.
In ka zo wanki, nan za ka yi rowa.

Ranar Talata na koma.
Talle ya sauke kwando, ya goge hannu a wando,
ya ce in yi sauri, mai kaya na jira.
Allurar awo na rantsuwa cewa na wuce gona da iri.
Na ƙyale ta. Na danna.

Da dare, a banɗakin gidan haya,
na toshe taga da buhun siminti.
Aka ɗauke wuta,
karo na farko da na gode musu.
Ruwan famfo ɗumi kamar shayin jiya,
sai da na sayo ƙanƙara wurin Iya Basira
na lallashe shi ya sauko ashirin.

Takarda ta ce minti tara.
Baba Alani ya ce shida da rabi.
Wai inuwa mai kunya ce, da wuri take tsame hannu,
fari ne hadamamme,
in ba ka janye akushi ba
sai ya cinye zaren hula, ya cinye gajimare,
ya lashe har gefen takarda.

Na juya gwangwani a hankali,
kamar mai jijjiga jaririn da ba nasa ba.
Janareton maƙwabta na ƙirga nasa, ina ƙirga nawa.
Shida.
Hannu na cewa ƙara,
zuciya na cewa asara ce zubar da abu bai nuna ba.
Da rabi.
Na tuntsurar.

Washegari ya taso daga cikin tasa
kamar mai fitowa daga kogi:
goshi tukuna,
sai tabon da jakin Kawu Barau ya bar masa,
sai gumi ɗigo-ɗigo a karan hanci.
Hular ma ta riƙe ɗinkinta.
A bayansa danfo ya zama toka-toka,
birnin duka ya sassauta murya
don mutum ɗaya ya samu a gan shi.

Na ba Lawandi direba, cikin ambulan, tsakanin kwali biyu.
Kwana tara ina jira.

Jiya ya dawo, ya zuge gilashi a bakin tasha,
ya ce Inna ta daɗe tana kallo,
ta shafa tabon da yatsa,
sannan ta ce a gaya mana:

ya rame.
Ku riƙa cin abinci.